Ɗari da Sha Bakwai

Tun ladan bai gyara murya ba
na ajiye dutse ya riƙe mini layi.
Mu a Damagaram dutse ba ya yanke mana.
Na je na yi asuba, na dawo,
yana nan inda na bar shi. Ya fi ni haƙuri.

Harabar lakwal ce, ranar Asabar.
Yaro mai rajista, sa'an ɗana na uku,
ya ce, "Baba, suna?"
Na ce Kiyari magini.
Ya ce takarda ba ta da gurbin sana'a.
Ya rubuta ɗari da sha bakwai,
ya kama babban yatsana ya dangwala a tawada.
Zanen bai fito ba,
siminti ya cinye shi tun tuni.
Sau uku muna yi.

Hannun nan ya ɗora bulo a katangar matatar mai,
can kan hanyar Tanut,
wata goma sha huɗu cur.
Daren da wutarta ta fara lasar sama
Tsahara ta ce, "Malam, arziki ya kunna fitila."
Yau ga tankoki na bin kwalta,
suna nishi kamar shanu masu tsohon ciki,
ko ɗaya ba ta taɓa haihuwa a unguwarmu ba.

Rediyo ta ce akwai zinariya a arewa,
akwai ƙarfen da ke haska biranen wasu,
akwai mai a ƙarƙashin rairayi.
Ban musa ba.
Tukunyar da ake dafa "akwai" ce ban gani ba.

Gabana Hajo ce, mai ƙosan bakin tasha a da,
ta ja mayafi har hanci.
Ni kuma na tsura wa takalmina ido.
Shekara ashirin muna gaisawa,
yau mun yi wa juna alherin rashin gani.

Buhunan sun zo da wani rubutu,
ba boko ba, ba ajami ba.
Shinkafa ta haye teku, ta keta ƙasashe,
ta gane ƙofar gidana.
Man da ke nan, tafiyar awa guda,
har yau yana tambaya.

Tiya huɗu, kwalbar mai, gishiri a leda.
Wata mai ɗaukar hoto ta ce in ɗaga, in yi murmushi.
Na ɗaga, ƙugu ya ce ƙas.
Murmushin kuwa na aro na ba ta,
irin wanda ake yi wa mai bin bashi.

Kada a ce Kiyari butulu ne.
Na gode, Allah ya saka,
ya kai ladan har inda aka noma ta.
Abin da ke cina daban ne:
ni da aka sani da "zo ka duba mini soro"
na koma "matsa gaba, Baba."

Ɗan kabu-kabu ya ce dala sittin,
wai isansi ya hau.
Na yi dariya har ya tsargu.
Na aza kayana a ka, na bi ta Birni,
ina wuce katangun da na san cikinsu.

Tsahara ta zura hannu a buhu har wuyan hannu,
ta yi lissafinta na mata, ba alƙalami.
"Kwana tara.
Sha ɗaya, in na riƙa cewa na ƙoshi."
Jikata Hasiya na tsince ƙwayoyin da suka zube,
ɗaya, ɗaya, tana sawa a murfin kwalba.

Dutsen ma na taho da shi,
yana bayan ƙyaure, kusa da cokalin gini.
Shekara arba'in ban taɓa ɗaukar dutse
ban san inda zan ɗora shi ba.
Wannan, an ce sai wata mai zuwa,
in mota ta zo.